Fuskar da Darakta Bai So Ba

A birnin Baltimore na Amurka aka haifi Marlene Dubicki, a unguwar ma'aikatan ƙarfe, nan kuma ta tsufa. Rabin rayuwarta a kicin ɗin wata makarantar firamare ta yi shi, tana zuba wa yara dankali da wake. Tun ɗansu Travis yana rarrafe mijinta ya kama gabansa, ita kaɗai ta raini yaron. Da ya girma ya shiga soja, aka tura shi yaƙi wata ƙasa mai nisa, aka dawo mata da shi a akwati lulluɓe da tuta. Ran jana'iza kowa na jira ta fashe da kuka. Ita dai ta karɓi tutar, ta yi godiya, ta koma gida ta wanke kwanuka.

Maƙwabciyarta Yolanda ce ta gaji da ganinta a bakin taga.

"Tashi, 'yar uwa. Masu wasan Shugaba Whitlock na neman 'yan cika wuri. Zama kawai za ki yi, abin da kika fi ƙwarewa a kai, ga abincin rana kyauta."

Wasan talabijin ne na duk ranar Lahadi, labarin mulkin wani shugaban Amurka da marubuta suka ƙirƙira. A wani tsohon sito kusa da tashar jiragen ruwa aka gina masa fada da katako. Aka ba Marlene kwat da biro, aka zaunar da ita a layin baya cikin 'yan jarida. Shugaba na jawabi, ita tana motsa baki ba sauti. Aikin ya yi mata, don ba mai tambayarta yaya take ji.

Ana nan, labari ya kai inda shugaban ya tura sojoji yaƙi, aka kashe wasu. Za a ɗauki ranar da iyayensu suka zo fada. Corey, mataimakin darakta, ya bi layi yana zaɓen dattijai mata, har ya nuna ta. Yolanda, da ita ma take cikin 'yan cika wurin, ta damƙe mata hannu.

"Ce masa a'a mana."

"Don me?"

Aka sa mata baƙar riga, aka ɗora mata naɗaɗɗiyar tuta a cinya. Ɗan wasan da ke fitowa a shugaban ya durƙusa gabanta, ya kama hannunta, ya ce ɗanta gwarzo ne, ƙasa ba za ta manta da shi ba. Ita kuwa hodar da ta taru a gefen kunnensa take kallo.

"Tsaya!" in ji darakta.

Corey ya matso, ya rage murya. "Madam, ɗan motsa fuskar, don Allah. Ki ɗauka ɗanki ne aka kashe."

"To," in ji ta.

Aka sake ɗauka, bai canza zani ba. Darakta ya cire hularsa ya sosa kai. "Matar nan kamar mai jiran bas. A kawo wata."

Aka kawo wata mai iya kuka duk lokacin da aka ce ta yi. Yolanda ta miƙe a fusace, Marlene ta jawo ta zaune.

"Bar shi, aikinsa yake yi."

Amma kafin a tashi cin abinci Yolanda ta fesa wa kowa cewa da gaske an kashe ɗan Marlene a yaƙi. Corey ya zo fuska jawur don kunya, yana ta in-ina, haƙuri ya ƙi fita daidai. Marlene ta jira ya gama, sannan ta tambaye shi ko ta zo ran Litinin.

Ta zo, ta koma layin baya, ta ci gaba da zuwa har wa'adin Whitlock ya cika, aka rufe wasan, kafintoci suka wargaza fadar. Yanzu wani wasa na asibiti take zuwa, tana kwanciya a matsayin marar lafiya. Ta ce gadon ba laifi, sai dai ɗakin da sanyi, shi ya sa take zuwa da safa mai kauri.