Jajayen Rassan Taisiya

Taisiya Yegorofna ita ce mai gasa burodin ƙauyenmu, can gaba da birnin Tomsk, har tsufa ya sa ta ajiye aiki. Gidanta na jikin nawa. Kowa a layinmu dankali da kabeji yake shukawa, ita kuwa sai ta jera diyoren a bakin shinge, wani ƙaramin itace da ba a cin komai nasa. Amfaninsa ɗaya ne: idan ganye ya zube, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, rassansa sukan yi ja wur kamar garwashi.

Mijinta Kuzma, tsohon direban tarakta, ba ya gajiya da tsokanarta.

"Tsohuwa, yaushe tsintsiyar nan taki za ta ba mu abin miya?"

"Ranar da ka yi hankali," in ji ta.

Da shekaru suka ja, rassan suka yi kauri, jan ya fara dusashewa. Wani hunturu kuma ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya karye. Ana saka ta a motar asibiti tana ce wa Kuzma ya kula mata da itacen.

Sanyin shekarar ya yi tsanani. Zomayen daji suka shigo da yunwa, suka gwaigwaye ɓawon tas. Kuzma ya faɗo gidana ko hula babu.

"Maƙwabciya, na shiga uku! Zo ki gani."

Na je na gani. Shi dai ba ya so ta tarar da ɓarnar, sai ya ɗauko zarto ya yanke itatuwan duka, ya bar kututture tsawon taƙi, ya zuba taki. In ta bugo waya ta tambaya, sai ya ce, "Suna gaishe ki."

Ta dawo bayan ƙanƙara ta narke, tana dogara sanda. Ta daɗe tsaye gaban kututturan, ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Daga ranar Kuzma ya koma cin miyarsa a waje kan dakali.

Ana nan sai ga tsiro ya ɓullo ta kowane kututture. Kuzma ya dage da ban ruwa safe da yamma. Kafin kaka sun kai ƙugu. Da dusar farko ta sauka, shingen ya yi jan da muka manta yana iya yi; ashe sabon reshe ne ke ɗauke da launin.

Taisiya ta tako har bakin shinge da ƙafarta, babu sanda. Ta shafa reshe ɗaya, ta juyo.

"Kuzma, shigo ka ci abinci kafin ya huce. Amma ka nemo waya ka kewaye min su saboda zomaye."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ƙyafta min ido.

Da sanyi ya wuce ta yanko min 'yan rassa, na soke su a ƙasa mai laima. Yawancinsu sun kama.