Kiran da Kaltum Ta Ƙi Kashewa

Kaltum ba ta cikin gwanayen haɗa turare, ita ma ta san haka. Humrarta babu laifi, amma ba irin wadda za a tsayar da mace a hanya a tambaye ta inda ta saya ba ce. Abin da Allah ya ba ta harshe biyu ne, Kanuri daga wajen uba da Hausar Kano daga wajen uwa, sai kuma haƙurin sauraron mutane. Saboda wannan ne matan ƙungiyar masu turaren wuta da humra suka ɗora mata sakatariya shekara shida da suka wuce, kuma har yau babu wadda ta nemi kujerar, domin kujera ce ta ciwon kai.

Ita ta buɗe musu zaure a Watsap. Mata sittin da uku ne, daga Gamboru, Abbaganaram, Gwange har Mairi inda take aure. Fiye da rabinsu ba sa karatun boko, don haka ta kafa doka cewa duk sanarwa da murya za a yi ta, a faɗa da Hausa a maimaita da Kanuri. Ta hana hotunan barka da safiya masu furanni, ta hana tallan maganin da ke warkar da cuta arba'in. An yi mata tsiya, an ce ta mai da kanta soja. Amma a zauren nan ake jin ranar da itacen sandal ya iso kasuwa, a nan ake haɗa kai a sayi buhun sukari a raba, kuma a shekarar ambaliya da shi aka nemo kowace mace ɗaya bayan ɗaya, har aka san makarantar da ta fake.

Doka ɗaya ce ba ta yi wa kowa bayanin dalilinta ba: ba a sanar da mutuwa a zaure sai an tabbatar an zauna da iyalan mamaci. A garin nan haka aka saba tun kafin waya. Dattijo ne yake zuwa, ya yi sallama, a shimfiɗa tabarma, ya sa mai gida ta zauna, ya yi ta kewaye har zuciya ta shirya. Kaltum ba ta samu wannan ba. A shekarun tashin hankali, tana bakin famfo da bokiti a ka, wata mata da ba ta ma san sunanta ba ta ce mata, "Ashe Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa." A tsaye ta ji mutuwar ubanta, kuma har gobe abin yana mata ciwo.

Ranar wata Alhamis, wajen ƙarfe ɗaya saura, tana tsakar gida tana tace humra a kwalabe, wayarta ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ta goge hannu ta duba. Saƙon farko na Lauratu ne, wata 'yar ƙungiya da mijinta ke aiki a tashar mota. Tana cewa motar Umara ta yi hatsari a hanyar Damaturu da safen nan, kuma Umara bai yi rai ba.

Umara ɗan Ya Gana ne, shi kaɗai ne namijin da ya rage mata. Ya Gana kuwa ita ce shugabar ƙungiya, ita ta kafa ta, kuma tana cikin zauren.

Lauratu ba muguwa ba ce. Irin mutanen nan ne da labari ke ƙona musu baki kamar ɗanwake mai zafi. A ƙarƙashin saƙonta har ta'aziyya tara ta jeru, ta goma na shigowa.

Kaltum ta san al'adar Ya Gana kamar yadda ta san tata. Tsohuwar ba ta kunna data sai ta idar da Azahar. Daga nan ta jingina da bango, ta ɗora wayar a kan faifai, ta saki saƙonni da ƙarfi tana saurare tana tsince itace, ita kaɗai a gidan. Saura ƙasa da awa ɗaya.

Kaltum ba ta ɓata lokaci ba. Ta rufe zauren yadda babu mai iya magana sai ita. Ta goge saƙon Lauratu, ta bi na ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya ta goge. Sannan ta tsaya a kan sunan Ya Gana. Cire shugaba daga zauren ƙungiyar da ta kafa ba ƙaramin rashin kunya ba ne, an yi gaba ta shekara a kan abin da bai kai haka ba. Ta yi bisimilla ta cire ta. Sai ta danna ta yi magana, da Hausa sannan da Kanuri:

"Iyayena da yayyena, Ya Gana ba ta ji ba tukuna. Don girman Allah kada wadda ta kira ta, kada wadda ta je gidan, sai na sanar."

Ta kira Lauratu.

"Wa ya je wajenta?"

"Wallahi Yaya Kaltum na ɗauka ta ji. Na ɗauka..."

"Ban tambaye ki abin da kika ɗauka ba. Wa zai je?"

"An kira wanta, Ba Kaumi. Yana asibiti wajen gawa. Ya ce in ya gama sa hannu zai wuce gidan."

"Ki sa maigidanki ya ɗauko shi yanzu. Takarda za ta jira."

Ta kashe ta sake duba zauren. Mata ashirin da biyu ne suka saurari saƙon Lauratu kafin ta goge shi. Goma sha ɗaya kacal suka saurari nata. Sauran sha ɗayan suna can da labari a baki da waya a hannu, kuma kowacce za ta so a ce ita ta fara yi wa shugaba gaisuwa. Ba za ta iya kiransu duka ba kafin ɗaya ta riga ta. Layi ɗaya ne za ta iya tsarewa, shi ne na Ya Gana.

Ta zari mayafi ta fita. Pindar, maƙwabcinsu mai Keke Napep, mutumin Biu ne mai furfura a gemu, yana gindin dalbejiya yana cin abinci. Ta faɗa masa a taƙaice. Ya rufe kwano ya tayar da keke. Suna hawa titi ta danna kira, ta fara da gaisuwar Kanuri.

"Wushe, Ya Gana."

"Wushe, 'yata. Lafiya da tsakar rana?"

"Lafiya lau. Turare ne ya ƙi mini. Na jiƙa itace kwana uku, da na ɗora a wuta sai ƙauri."

"Sukarin kika ƙona. Kullum ina gaya muku, ku yaran yanzu wuta kuke cikawa kamar masu dafa ganda."

Tsohuwa ta kama faɗa, Kaltum ta gode wa Allah. Ta yi ta jefa mata tambayoyi. Wane itace ake fara zubawa? Farce, ɓawon kodin nan da ake sa wa turare, kwana nawa ake jiƙa shi kafin ƙarnin ya fita? Ya Gana na amsawa, ana jin ƙarar cokali a jikin tukunya. Keken na wajen Tashar Bama sai tsohuwar ta dakata.

"Wayar nan tana ta yi mini ƙit-ƙit a kunne. Kamar wani na kira."

Kaltum ta yi sauri ta ce: "Kamfani ne, Ya Gana. Tallarsu ce. Kada ki taɓa komai."

"Yau sun matsa."

"Haka suke yi kwanan nan."

Ƙarya ce, kuma ga mace mai shekarun uwarta. Kaltum ta ji ɗacinta a baki, ta haɗiye. Ta dubi wayar, caji saura kashi tara. Ta nuna wa Pindar. Ya miƙo mata igiyar caji ta baya ba tare da ya waiwayo ba, igiyar da sai an riƙe ta a karkace take kamawa. Haka ta zauna, hannu ɗaya a kunne, ɗaya a igiya.

A kan gada suka tarar da cunkoso, wata motar itace ta mutu a tsakiyar hanya. Masu keke na ta hon, rana na dukan rufin. Daga wani masallaci aka fara kiran salla.

"To 'yata, an kira. Bari in yi alwala."

"Ya Gana, tsaya. Abu ɗaya ya rage." Kaltum ta lalubi abin da zai riƙe tsohuwar, ba ta samu ba sai guda ɗaya. "Haɗin nan naki na amare. Wanda ƙamshinsa ke kwana bakwai a ɗaki. Me kike sawa a ƙarshe?"

Duk ƙungiyar an san ba a yin wannan tambaya. Haɗin daga kakarta Ya Gana ta gaje shi, ko 'ya'yan 'yan uwanta ba ta faɗa wa ba. Wata ta taɓa tambaya a taro, Ya Gana ta dube ta har sai da ta nemi gafara.

Shiru ya yi tsawo. Kaltum ta duba ko layin ya yanke, sai ta ga ya yanke ɗin.

Ta sake kira. Aka ce layin yana aiki. Ta sake, haka. Kiran wani ya riga nata shiga. Bakin famfon nan ya dawo mata, da nauyin bokiti a ka. Pindar ya dube ta ta madubi, ya karya kan keke ya bi ta gefen masu lemo, ana zaginsa yana ba da haƙuri. Kira na huɗu ya shiga.

"Ya Gana?"

"Ina ji." Muryar ta sauka ƙasa. "Muhsinat ce, ta Gwange. Ta gaishe ni, ta sake gaishe ni, sai ta ce wai ta yi kuskuren lamba."

Wato Muhsinat ta ji muryar tsohuwar garau, ta gane, ta ja bakinta. Kaltum ta yi mata addu'a a zuci.

"Kina kan hanya ne, Kaltum? Ina jin hon."

"Eh. Na fito sayen kwalabe."

"To." Aka ji ta ajiye cokali. "Kin tambayi haɗin amare. Buɗe kunnenki, ba zan maimaita ba."

Ta fara faɗa, a hankali, dalla-dalla. Yadda ake soya farce sau biyu, ba sau ɗaya ba. Yadda ake barin itacen ya kwana a tukunyar ƙasa, ba roba ba. Abin da ake ɗigawa bayan an sauke, lokacin da tururi ya rage amma bai ƙare ba. In ta kai ƙarshen wani mataki sai ta koma ta ƙara bayani, kamar mai tsoron kada maganar ta ƙare. Ba ta sake ambaton alwala ba. Wayar ta ci gaba da ƙit-ƙit, ba ta sake tambaya ba. Kaltum na cewa "to, to," hawaye na sauka a kan igiyar caji, ko kalma ɗaya ba ta riƙe ba.

Suka wuce Kwastam, suka kutsa lungunan Abbaganaram. A bakin lungun gidan ta hango wani dattijo mai farar hula yana saukowa daga mota, mijin Lauratu na riƙe da hannunsa. Ba Kaumi ne. Ta nuna masa wayar a kunnenta, ya gyaɗa kai, ya bar ta ta shiga gaba.

Ya Gana na tsaye a tsakar gida kusa da murhu, waya a kunne. Wutar ta mutu, turaren da ke tukunya ya daskare. Ta dubi Kaltum, ba kwalba ko ɗaya a hannunta. Ta dubi wanta a bayanta.

"Kashe wayar, 'yata. Kin iso."

Kaltum ta kashe. Minti hamsin da biyu ke nan tun kiran farko.

"Shekara shida ba ki taɓa tambayata haɗi ba," in ji tsohuwar. "Tun daga nan na san akwai magana. Ni ma ban so ki kashe ba."

Ta shiga ɗaki da kanta ta ɗauko tabarma, ta shimfiɗa a inuwa, ta gyara gefen da ya naɗe. Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta jawo hannun Kaltum ta zaunar da ita a jikinta, ta riƙe hannun gam. Ba Kaumi ya tuɓe takalmi ya zauna a gabanta.

"To, Ba Kaumi," ta ce. "Na zauna. Faɗa mini."

Sai bayan La'asar Kaltum ta buɗe zauren, ta yi sanarwa da Hausa, ta maimaita da Kanuri, ta faɗi lokacin jana'iza. Kafin Magariba gidan ya cika da mata, kowacce da kwanonta. Lauratu ta zo ta rakuɓe a bakin ƙofa, sai da Ya Gana ta kira ta da suna sannan ta shigo.

Ranar sadakar bakwai Kaltum ta durƙusa ta nemi gafarar cire ta da ta yi, da ƙaryar kamfani. Ya Gana ta miƙa mata wayar ta ce ta mai da ita cikin 'yan uwanta. Sannan ta tambaye ta ko ta riƙe haɗin.

"Ban riƙe ko ɗaya ba, Ya Gana."

"Na sani. Ki zo bayan arba'in, ki zo da tukunyar ƙasa. Da ma matar da Umara zai aura na ajiye wa haɗin."