Ɗayyaba da Mabuɗin Baba Riskuwa

Ɗayyaba ɗiyar Hodi mai facin taya, ta nan Badariya, tun tana ƙarama ba ta yarda a taɓa mata kaya. Ko kwanon tuwonta sai ta ɗora masa dutse. To ita ce ta gama foliteknik ta dawo da kwamfuta a hammata, ƙungiyar manoman shinkafa ta Zauro ta ba ta aikinta na fari.

Injin ban ruwa ɗaya gare su, kullum faɗa a kan wa ke da shi yau. Ta yi musu shafi a intanet, kowa ya duba waya ya ga ranarsa. Can ciki ta ware ɗakin shugaba, inda ake raba ranakun, ta kulle da kalmar sirri, ta damƙa wa shugabansu Baba Riskuwa shi kaɗai.

Ashe ba ta san mutumin ba! Baba Riskuwa da kwalekwalensa ya fi kwana hannun maƙwabta, bai taɓa cewa a'a ga mai aro ba. Kafin a jima kalmar sirri ta zaga gari, kowa ya shiga ɗakin ya maido ranarsa Asabar. Ranar Asabar kuwa fadama ta cika, kowa riƙe da waya yana rantsuwa ranarsa ce, shinkafa na can tana bushewa.

Kuma wai laifin wa? Na Ɗayyaba! Gardawa da gemunsu suka ce abin yarinya ba ya aiki, za su kai wa wani a Argungu. Aikin fari ke nan fa, in ya suɓuce wa zai sake kiranta?

Ta tari tsohon a gindin mangwaro.

"Baba, wa ka ba mabuɗin?"

"Ban ba kowa ba, ɗiyata. Aro dai sunka yi."

"Aro?"

"To mi? Tamba ya roƙe ni, in hana shi? Tare anka yi muna kaciya!"

Ta roƙi ƙungiya su ƙara mata haƙuri. Ta gyara ƙofar, sai lamba ta shigo wayar Baba kafin a shiga. Ya ara musu wayar. Nan ta daina wasa, ta sa ƙofar ba ta buɗuwa sai da zanen babban yatsansa.

Da Tamba ya dawo aro, Baba ya daɗe yana kallon yatsan nan kamar ya cire ya miƙa.

Ruwa ya koma bin layi, shinkafa ta farfaɗo, aiki ya tsaya hannun Ɗayyaba. Cikin waɗanda suka zage ta, ko ɗaya bai ce yi haƙuri ba. Baba Riskuwa kuwa har yau in ta gaishe shi sai ya kau da kai, wai ita ce ta maishe shi marowaci da tsufansa.