Filaskon Kan Iyaka

Jiya maƙwabciyarmu a Takur ta aiko mana da kwaɗon tafasa. Ƙamshin ƙuli da dafaffen ganyen nan ya sa na kasa ci, hankalina ya koma gonar kakata, can ƙauyenmu bayan Jahun.

Kaka takan ce su uku 'yan gida ɗaya ne: tafasa, rai-ɗore da filasko. Duk furensu rawaya ne, duk 'ya'yansu a cikin kwanso suke kamar wake. Tafasa ita ake ci. Rai-ɗore ganyensa tsini gare shi, warinsa kaɗai ya isa ya kore ka. Filasko kuwa gajere ne, maganin wankin ciki, kuma ganyensa ya so ya yi kama da na tafasa.

Wata damina, don rawar kai, na tsinko filasko na zuba mata cikin tafasar da za ta kwaɗa. Ranar sai da aka yi layi a ƙofar banɗakinmu. Ba ta doke ni ba. Washegari ta ja ni kan iyakar gona, ta durƙusar da ni gabansa, ta ce, "Dube shi da kyau, maigidana. Ganyen ake tsinka, ba a tumɓuke shi. Bai kai 'yan'uwansa yawa ba."

Yau tafasa na nan birjik a bakin kowace hanya, rai-ɗore ya cika bolar bayan gidana. Amma a bana, lokacin da kumburin ciki ya matsa wa Inna, mahaifiyata, ta ce ita dai filaskon gonar Kaka take so. Na je, na bi iyakar nan daga farko har ƙarshe, har ƙafafuna suka yi nauyi, ban sami ko tushe ɗaya ba. Shekara uku ke nan ina feshin maganin ciyawa a gonar, don aikin ofis ya hana ni riƙe fartanya. Tafasa takan dawo bayan feshi. Shi bai dawo ba.

Na koma hannu sake, a gajiye, kunya ta ishe ni. Inna ta dube ni ta ce, "Ko dai ka manta kamanninsa ne?"

Na ce mata e. Ƙarya na yi. Ranar da nake feshin ma na gan shi, na kuma gane shi sarai.