Sunan da na kira cikin zazzaɓi

Jama'a, salamu alaikum. Wata uku ba ku ji ni ba. Jinya na yi, na kuma taso da nauyin da sai na sauke.

Ana saura shekara biyu a samu mulkin kai, ina yaro a Zermu, zazzaɓi ya kama ni da yayata Hassana a ƙarshen damina. Ƙasusuwana kamar ana sara. Nawa ya fara sauka. Ita kuma dasashinta ya fara jini.

Kawu ya ce maita ce. Ya turara ni, ya riƙe mini kunne. "Wa ka gani? Faɗi!"

Ban ga kowa ba. Na ce, "Iya Kande." Tsohuwa ce maƙwabciyarmu, mai ba mu gyaɗa.

Aka tuɓe ta a gaban jama'a, aka sa ta tsallake Hassana. Tana cewa, "Ɗan nan, ni?" Hassana ta rasu washegari. Aka kori tsohuwar da jifa. Ba a sake jin labarinta ba.

Bana, a Damagaram, ciwon nan ya dawo mini. Bayan idona na zafi. Gwajin palu, wato maleriya, bai nuna komai ba.

Kwana huɗu zafin jiki ya sauka, muka yi murna. A ranar na yi aman jini.

A asibiti kullum ɗibar jini, kullum ƙarin ruwa. Matata ta daina kallon idona. Na ji tsoro ƙwarai.

Lokotoro, wato likita, ya ce, "Baba, dengi ce. Sauron da ke cizo da rana ke kawo ta. Tana sa jijiyoyin jini yoyo, tana rage abin da ke tsayar da jini. Kamu na biyu ya fi haɗari."

Na ba shi labarin Hassana.

Ya ce, "Ba zan rantse ba, amma ya yi kama."

Na juya bango na yi kuka.

Kwana tara aka sallame ni. Na gode wa Allah, da anfirmomi, ma'aikatan jinyar da suka yi ta juya ni, da matata.

Ku rufe randuna, ku zubar da ruwan tsoffin tayoyi. Kada ku sha aspirin, yana ƙara zubar jini. In zazzaɓi ya sauka amma ga amai da ciwon ciki, ku ruga asibiti.

Ina roƙon ku yi wa Iya Kande addu'a. Ni ban san inda kabarinta yake ba.