Tsutsar da ke Cikin Ganyen Lemun Babana

Babana dillalin shanu ne a Talata Mafara, kuma da girma ya kama shi sai ya dasa lemun tsami guda a tsakar gida, ya mai da shi abin hira. Shekarar da na koma gida da zama, wata safiya na ji ya ƙwala mini kira.

"Ke, taho ki gani! Wa ya yi zane ga iccena?"

Sabbin ganyen duk sun sha wani siririn layi mai ƙyalli, ya lanƙwasa nan ya karkata can. Na goga da yatsa, bai fita ba. Innata ta kawo ruwa da soso ta wanke, yana nan daram.

Maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar gona Kirista da aka turo garin aiki, ta ji hayaniya ta shigo. Bayan doguwar gaisuwa ta ɗaga ganye ɗaya saitin rana.

"Baba, dubi ƙarshen layin. Tsutsa ce, a cikin ganyen take, tsakanin fatar sama da ta ƙasa. Tana ci tana tafiya."

Baba ya gyara tabarau, ya ƙura ido, sai abin ya motsa. Ya daka tsalle har hularsa ta faɗi.

"Tana da rai! Cikin ganye! To ina ƙofar da ta shiga?"

Ta ce uwar ce ke saka ƙwai a jikin ganyen. Ta nuna mana inda gefen wani ganye ya naɗe, ta ce a nan tsutsar ke kwanciya ta rikiɗa. Muka zuba irinsu a kwalba, muka ɗaure baki da ƙyalle.

Bayan 'yan kwanaki sai ga wani ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi a jikin kwalbar, bai kai ƙwayar shinkafa ba, fari kamar azurfa, da ɗigon baƙi a ƙarshen kowane fiffike. Inna ta rangaɗa guɗa, ni kuwa dariya har da hawaye.

Daga nan Baba ya zama abin da ya zama. Ya je ta'aziyya Bakura ya dawo da aljihu cike da ganyen tumatir mai zane. Ya zuba a kwalba, ya rantse ɗan'uwan na lemu zai fito. Da lokaci ya yi, sai ga ɗan ƙuda.

"Ƙuda? Duk wanga jira, ƙuda?"

Maƙwabciyar ta ce zane kan yi kama, amma mai zanen daban, sai an ga abin da ya fito ake ganewa. Baba ya fashe da dariya, ya ce a wanke kwalbar, ran kasuwa za a kawo masa ganyen gyaɗa daga Maradun.