Sawun Njaga a Kan Kaki

Duk mai hawan igiyar ruwa da allo a bakin tekun Ngor ya san rumfar Biram Ndoye, ya kuma san faɗansa. Shekara talatin ke nan yana kankare tsohon kaki daga allunan mutane, kakin nan da ake goga wa allo don kada ƙafa ta zame. Idan ya tsufa sai ya yi baƙi, ya kwashi yashi da gashin ƙirji, ya koma santsi. Biram yakan shanya allon a rana har kakin ya yi laushi, ya bi shi da tsohon katin waya, sannan ya goge saura da garin katako a cikin safa. Aikin ke nan, babu abin burgewa a ciki. Gwiwa ta hana shi shiga ruwa tun tuni, baya ma ya bi sahu, shi kuwa ya gaji da dattin ƙafafun mutane, sai dai bai iya wata sana'a ba.

Dokarsa ɗaya ce. Allo ba ya wuce tsawon shan kofin shayi ɗaya a shanye cikin rana, in ya wuce fatarsa ta kumbura. Babu wanda bai sha masifa a kan wannan ba, har Turawan da ba sa jin abin da yake faɗa.

Akwai allo ɗaya a saƙale a rufin rumfar da bai taɓa kankarewa ba. Na ƙaninsa Njaga ne. Wata rana Njaga ya hau shi da safe, da yamma ya shiga kwale-kwalen masu tafiya Sifen, yau shekara goma sha ɗaya babu wasiƙa, babu gawa. A gindin allon, cikin kakin da ya daskare, akwai lotsawar diddigensa da babban yatsansa. Biram ba shi da kabarin da zai ziyarta. Ranar Juma'a yakan sauke allon, ya sa yatsa a lotsawar, ya mayar.

Ranar Laraba Ngone ta zo. 'Yar Njaga ce, a gidan Biram ta girma har ta kai ashirin da biyu. Allonta ya karye biyu a kan duwatsu, ga gasa ranar Asabar.

"Baffa, ka ba ni na sama," ta ce.

"Wancan ya tsufa."

"Kai ma ka tsufa, kuma ba mu rataye ka ba."

"Bakinki ya fi ƙafarki aiki. Ki ari na wani."

"Na zaga wurin kowa. Ba na babana ba ne? Ko ajiye shi kake yi sai ya dawo?"

Biram ya ɗaga kai ya dubi allon. Ya san da wannan kakin ba za ta yi tsayuwa ɗaya ba, dole a kankare. Sai ya yi wa kansa dabara: zai cire duka, ya bar wurin sawun, faɗin tafin hannu kawai. Ya ce ta dawo bayan azahar.

Alluna tara ya kankare a safiyar nan. Matarsa Kodu ta kawo shinkafa da kifi, ya ci, jikinsa ya yi nauyi. Ya fitar da allon Njaga rana, ya rufe sawun da jiƙaƙƙen tsumma, ya zauna ya miƙe gwiwa, wai kafin shayi ya tafasa.

Kiran salla ne ya farkar da shi. Shayi ya ƙone a buta, iska ta jefar da tsumman gefe. Ya ɗingisa da sauri ya janye allon inuwa, ya danna fatar ko'ina da babban yatsa. Allah ya taimaka, ba ta kumbura ba. Amma kakin ya narke ya kwanta sumul kamar man shanu a kasko. Ya nemi lotsawar, ya sake nema. Babu.

Ya daɗe a tsugune. Ba kuka ya yi ba, gajiya ce ta sauko masa, irin wadda barci ba ya maganinta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa mutane tsawa a kan rana! Daga baya ya ɗauki katin ya kankare duka, daga hanci har gindi. Ya dunƙule kakin kamar yadda yake yi kullum, sai dai maimakon kwandon shara, aljihu ya sa shi.

Ngone ta dawo ta tarar da allon fari tas. Ta shafa gindinsa, ta tsaya.

"Ina wurin ƙafar babana?"

Biram ya ɗago. "Kin san da shi?"

"Tun ina 'yar goma sha biyu nake hawa benci ina sauke shi, ina gwada tawa a ciki. Na ɗauka za ka bar mini shi."

"Barci na yi," ya ce.

Ta dube shi, ta dubi aljihun da ya kumbura. Ya miƙa mata sabon kaki, ta durƙusa tana gogawa. Ya zauna yana murza gwiwa.

"Ki zuba da kauri a gindin," ya ce. "Kuma in kin hau, ki taka da ƙarfi."